Rezo Ya Cika, Saƙo Ya Ƙi Tafiya: Ka San Hanya Kafin Ka Zargi Waya

Wata ranar Laraba, kasuwar Konni ta cika ta batse, na iske kawuna zaune kan benci a rumfar wani ɗan canji, ya ɗaga waya sama kamar mai duban jinjirin wata. Dillalin albasa ne, rabin rayuwarsa ta ƙare tsakanin Galmi da Tsarnawa da tashar manyan motoci. Ya ɗauki hoton buhuna zai aika wa mai saye a Abijan, hoto ya kafe.

"Ɗana, zo ka duba min wayar ga," in ji shi. "Sandunan rezo huɗu cif, da safe na sa kati na jaka guda, amma abin sai juyawa yake. Ta tsufa, gobe zan sake wata."

"Kawu, ku bar kuɗinku a aljihu tukuna. Bari mu ga inda motar ta lalace."

Wayar lafiyarta lau. Forfensa ne ya ƙare tun daren jiya. Katin da ya sa bai sayi sabon forfe da shi ba, sai bidiyoyin zaurukan WhatsApp suka yi ta sauka da kansu, suna cin kuɗin a farashi mai tsada har ya ƙare ƙarƙaf. Saura kaɗan ya sayi sabuwar waya a kan matsalar da dala ɗari ke warwarewa.

Irin wannan asarar muke yi kullum, don komai da suna ɗaya muke kiransa: "babu rezo". Alhali saƙo zango-zango yake tafiya, kamar kaya a mota. Wanda ya san zangunan yakan gane inda tafiya ta tsaya, da wanda zai tuhuma, da lokacin da haƙuri kawai ya rage.

Abu huɗu da muke cakuɗawa

Na farko rezo. Sandunan nan na saman waya abu ɗaya suke faɗa: ƙarfin jin juna tsakanin wayarka da eriyar kamfani mafi kusa. Kamar a ce hanya daga ƙofar gidanka zuwa tasha shimfiɗe take. Ba su ce komai ba game da abin da ke gaban tasha.

Na biyu kati da forfe. Kati kuɗi ne a aljihu, forfe tikitin mota. Mai kuɗin da bai yanki tikiti ba shata zai ɗauka, kuma kowa ya san shata ta fi tsada. Kamfanonin da ke sayar mana da tikitin a Nijar huɗu ne: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom wanda ya gaji Orange bayan cinikin 2019, da Niger Telecom da aka kafa a 2016 daga haɗewar Sonitel da SahelCom. Hukumar ARCEP ce ke sa musu ido.

Na uku intanet, wato hanyoyin su kansu: wayoyi da eriyoyi da na'urorin da suka ɗaure kwamfutocin duniya da juna. Asalinta wani gwaji ne a Amurka a 1969, mai suna ARPANET, wanda ya fara da kwamfutoci huɗu kacal.

Na huɗu yanar gizo, wato shafukan da kake buɗewa da Chrome ko Opera. Wani Baturen Ingila, Tim Berners-Lee, ya ƙirƙiro ta a 1989 a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janeba. Yanar gizo mota ɗaya ce cikin motocin da ke bin titin intanet. WhatsApp wata mota ce, Facebook wata, manhajar aika kuɗi wata. Shi ya sa Facebook kan tsaya WhatsApp na tafiya, ba titin ne ya mutu ba.

Yadda hoton kawu ke isa Abijan

Mai buhu ɗari uku ba ya cusa su a mota ɗaya. Yakan sa wa kowane buhu alama da fenti, ya rarraba a motoci, can a sauke a ƙirga, in ɗaya ya ɓata a nemi madadinsa. Haka waya ke yi da hoto. Takan yayyanka shi ƙananan ƙulle-ƙulle, kowane ƙulli da lambarsa da adireshin mai aikawa da na mai karɓa. A hanya akwai na'urori a kowace mararraba, aikinsu irin na ɗan kamasho: su duba adireshi su nuna hanya. A can ƙarshe a jera ƙullin bisa lamba, wanda ya ɓace a sake aiko shi.

Adireshin nan lambobi ne, ana ce masa adireshin IP. Misali, 8.8.8.8 na wata kwamfutar Google ne. Tunda mutum ba zai haddace lambobi ba, sai aka yi wani tsari mai suna DNS, wanda yake kamar jerin sunayen da ke wayarka: ka taɓa suna, waya ta kira lamba. Ka rubuta sunan shafi, DNS ya nemo lambarsa cikin ƙiftawar ido.

Hoton ba kai-tsaye yake zuwa wayar mai saye ba. Daga eriyar unguwa yakan shiga wayar fiba, wani zaren gilashi siriri kamar gashi da ake binnewa a gefen titi, wanda haske ke gudu cikinsa kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Nijar ba ta da teku, don haka dole zaren ya ratsa ƙasar maƙwabta zuwa gaɓa, irin su Kwatano da Legas, inda yake haɗuwa da manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙasan teku. Daga nan ya kai ga sabar WhatsApp, wato babbar kwamfutar kamfanin da ba a kashe ta dare da rana. Ita ce sito. Tana riƙe saƙo sai wayar mai karɓa ta kunnu, sannan ta miƙa.

Wanda ke shakkar nisan wannan tafiya ya tuna ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, a farkon azumi. Wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace daura da gaɓar Kodebuwa. Intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama, har da Nijar da Najeriya da Gana da Benin, gyara kuma ya ɗauki makonni. Mutum na zaune a Malbaza, sandunansa huɗu, forfensa cike, amma gadar da ta karye tana ƙarƙashin tekun da bai taɓa gani ba.

In ta tsaya, bi zango-zango

Ka fara daga abin da ke hannunka, wanda ba ya cin ko dala, ka tafi zuwa na nesa.

1. Dubi alamar da ke jikin saƙon WhatsApp. Ɗan agogo na nufin saƙo bai bar wayarka ba, matsalar a wajenka take. Maki ɗaya, ya isa sito, wayar mutumin ce a kashe ko ba ta da intanet. Maki biyu, ya sauka a wayarsa. In sun zama shuɗi ya buɗe. Da maki ɗaya ya fito, sayen wani forfe ɓarnar kuɗi ce, naka aikin ya ƙare.

2. Ja saman allo ƙasa ka tabbatar maɓallin data a kunne yake. A wayar da ke Faransanci sunansa Données mobiles. In layi biyu gare ka, duba wanne aka ɗora wa data. Sau da yawa forfe na kan wannan layi, waya na jan data a wancan.

3. Duba ragowar forfe da ranar ƙarewarsa. Akwai na yini, na mako, na wata, akwai na dare kawai, akwai wanda WhatsApp ko Facebook kaɗai yake buɗewa. Mega na iya saura alhali wa'adi ya wuce.

4. Karanta harafin da ke gefen sanduna. E na nufin 2G, tafiyar amalanke ce, rubutu zai wuce amma bidiyo sai a hankali. H ko H+ na nufin 3G. 4G ko LTE ita ce kwalta. Sanda biyu a kan 4G sun fi sanda huɗu a kan E. A ƙauyukan Allela ko Tajaye, fitowa fili ko hawa tudu kan canza harafin.

5. Kunna alamar jirgin sama, ka ƙirga ashirin, ka kashe. Wannan na tilasta wa waya ta sake gaisawa da eriya. In bai yi ba, kashe wayar gaba ɗaya ka kunna.

6. Gwada wata manhaja. In YouTube na buɗewa amma manhajar aika kuɗi ta ƙi, sabar kamfanin kuɗin ce ke da matsala. Kada ka yi ta maimaita turawa, ka duba ragowar kuɗinka tukuna, don kada ka biya sau biyu.

7. Tambayi na kusa da kai. In mai layi irin naka ma ya tsaya amma mai wani layi na tafiya, kamfaninku ne. In kowa ya tsaya, babbar hanya ce, sai haƙuri. Matambayi ba ya ɓata.

Akwai kuma cunkoso. Eriya ɗaya ce ke shayar da unguwa, kamar yadda magudana ɗaya daga madatsar Mozage ke shayar da gonaki barkatai a lambunan Konni. Da kowa ya buɗe bakin gonarsa lokaci guda, ruwa sai ya zama ɗigo. Ranar kasuwa da tsakar rana, da kowane dare bayan isha'i, haka rezo yake. Babban fayil ko sabunta manhaja, ka bar shi sai bayan sallar asuba.

Namu na bakin iyaka

Mu ƴan Konni muna da matsalar da ɗan Tawa bai sani ba. Tsakaninmu da Illela ta jihar Sakkwato tafiyar ƴan mintoci ce a kabu-kabu, sigina kuwa ba ta tsayawa a duwan. Wayarka na iya sakin eriyar gida ta kama ta tsallake, ko da ƙafarka ba ta bar Nijar ba. Da ta yi haka ka zama baƙo, farashin baƙo za a yi maka. Forfen gida galibi ba ya aiki a rezon wata ƙasa, sai a koma kan katinka, wani lokaci har amsa kira da kuɗi. Ni kaina na taɓa dawowa daga kasuwar Lahadi ta Illela na tarar katin jaka biyu ya tafi, ban kira kowa ba.

Alamarta ƙaramin harafin R a gefen sanduna, ko sunan kamfanin da ba naka ba a saman allo. Maganinta biyu. Shiga Paramètres, sashen Réseau mobile, ka kashe Itinérance des données, wanda wayar Turanci ke kira Data roaming. Sannan a wurin zaɓen kamfani ka cire zaɓin kai-da-kai, ka zaɓi naka da hannu. Daga nan ko ta ji ƙamshin na tsallake ba za ta bi ba. Ranar da kake son layin ya yi aiki a Najeriya sai ka mayar.

Mai zirga-zirga kullum gara ya riƙe layi biyu, na +227 da na +234, ya riƙa juya data kan layin ƙasar da yake ciki. WhatsApp bai damu da layin da ke ba shi data ba. Lambarka ta Nijar za ta ci gaba da aiki ko da datar Najeriya kake sha.

Ina mega ke tafiya?

Mega mudu ne na auna kaya. Kilo dubu, mega ɗaya. Mega dubu, giga ɗaya, a ƙiyasin kasuwa. A saƙon kamfani za ka ga Ko da Mo da Go. Kada a haɗa shi da sauri. Mega yawan ruwan da ka saya ne, sauri kuwa faɗin magudanar da yake bi. Shi ya sa mutane ke cewa 4G na cin mega. Ba ƙari take ci ba, kawowa take da sauri, kai kuma ka kalli abin da ya ninka na da.

Rubutu kusan ba ya cin komai. Saƙon murya na minti ɗaya bai kai mega ɗaya ba, hoton WhatsApp ma yawanci haka. Bidiyo shi ne kura. Awa ɗaya ta bidiyo mai tsabtar hoto kan lashe giga guda ko fiye, amma in ka sauke shi zuwa 360p a YouTube ba zai kai rabin haka ba, kuma wa'azi ko kokawa duk za ka gane.

Ƙofofi uku ne ɓarna ke shiga. Ta farko ita ta ci kawu: a WhatsApp shiga Stockage et données, ka hana bidiyo da hotuna sauka da kansu, sai wanda ka taɓa. Ta biyu Play Store, ka sa sabunta manhajoji ya jira Wi-Fi. Ta uku bidiyoyin Facebook da TikTok masu tashi da kansu, ka kunna tsimin data a cikinsu. Sannan a Paramètres akwai wurin da waya ke jera manhajoji da megan da kowace ta ci. Ka duba can kafin ka je ofishin kamfani da faɗa. In lissafin waya da na kamfani sun saɓa sosai, ka ɗauki hoton allo, ka kai ƙara wurinsu, in ba su saurara ba akwai ARCEP.

Wi-Fi ba ita ce intanet ba

Wi-Fi ɗan gajeren zango ne, daga wayarka zuwa akwatin da ke rarraba sigina, taku kaɗan. Shi akwatin dole ya samo intanet daga wani wuri: layin waya, ko fiba, ko tauraron ɗan'adam irin na Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a 2023, a Nijar kuma a 2025, taurarinsa na shawagi kimanin kilomita 550 a sama. Don haka alamar Wi-Fi na iya cika fal alhali akwatin ba shi da abin rabawa, kamar famfo sabo a kan rijiyar da ta ƙafe.

Mai akwati a gida ko shago ya ɗora shi sama, a tsakiya, nesa da kwanon rufi da ƙofar ƙarfe, don ƙarfe da katangar siminti na kashe sigina. Ya canza kalmar sirrin da aka liƙa a gindinsa, ya riƙa sauya ta lokaci-lokaci, in ba haka ba rabin unguwa ya ɗauka wa nauyi bai sani ba. Haka in ka raba wa aboki data daga wayarka, da ya gama ka kashe. Mai sayen tikitin Wi-Fi na unguwa kuma ya tambayi mutum nawa ke kai kafin ya biya na mako, ya fara da na awa ya gwada. Harkar kuɗi kuwa ka yi ta da datar layinka, ban da Wi-Fi ɗin da ba ka san mai shi ba.

Karanta adireshi kamar lambar mota

Babu dillalin da zai loda kaya a motar da bai karanta lambarta ba. Amma shi ɗin ne za a turo wa saƙo a zaure, wai ana rabon tallafi ko giga hamsin kyauta, ya latsa ya zuba sunansa da lambarsa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Adireshin shafi daga dama ake karanta shi. Nemi sanda mai karkata (/) ta farko bayan suna, ka dubi kalmomi biyu da ke dab da ita ta hagu. Galibi su ne mai gidan. Wutsiyar .ne ta Nijar ce, .ng ta Najeriya. Shafukan ma'aikatun Nijar kan ƙare da gouv.ne, na Najeriya da gov.ng. In ka ga abu kamar gouv.ne.tallafi-kyauta.xyz, mai gidan shi ne tallafi-kyauta.xyz. Sunan gwamnatin da ke gaba fenti ne aka shafa wa motar sata. Ka lura kuma da harafin da aka sauya, sifili a gurbin o, ko harafi ɗaya da aka ninka.

Haruffan https a farkon adireshi na nufin an ɗaure kayanka an rufe da tampol, na hanya ba zai ga abin da ke ciki ba. Ba su ce mai karɓa mutumin kirki ne ba, ɓarawo ma na da tampol. Shafin da babu https kada ka rubuta masa kalmar sirri. Wanda ke da shi ma sai ka karanta sunan.

Sai lambobi shida da WhatsApp ke turowa ta saƙon waya. Makullin gidanka ne. Duk wanda ya kira ya ce ka karanto masa su, ko ya ce shi shugaban zaure ne, ko ma'aikacin kamfani, ko ya zo da sunan ɗan'uwanka, sace lambar yake so, ya bi abokan cinikinka yana karɓar kuɗi da sunanka. Ka shiga Compte a WhatsApp yau ɗin nan, ka kunna Vérification en deux étapes, ka sa lambar sirrin da kai kaɗai ka sani. Haka lambar sirrin asusun kuɗi: ba a faɗa wa kowa, har mai shagon da ke tura maka.

Bayan mako uku na sake biyawa ta tasha. Na tarar da kawu tsaye a gindin wata tirela ana lodi, yaron motar na ta girgiza waya yana cewa rezo ya mutu, zai je ya sayi wani layi. Kawu ya karɓa, ya nisanta ta da idonsa, ya duba.

"Maki ɗaya ne, yaro. Naka ya isa sito. Maigidanka ne ya kashe waya, ko yana barci. Mai da kuɗinka aljihu, ka zo ka kama buhu."

Da ya hango ni sai ya ɗaga tsohuwar wayar tasa, gilashin duk tsaga, ya ce, "Ɗana, har yau ita ce."